Darasi na 7: Sana'ar da Kika Iya da Wadda Kike Son Gwadawa

Iyayena da yayyena, duk lokacin da rabon kuɗin akwati ya kusa, tambaya ɗaya ce ke yawo a ƙungiyoyinmu na Badariya: in ƙara jari a sana'ar da na saba, ko in shiga wata sabuwa? Mai ƙuli-ƙuli ta ga ana samu a sabulun ruwa. Mai turara shinkafa ta ji labarin kiwon kaji. Kowace tana da gaskiyarta, amma kuɗin ɗaya ne, kuma ba ya zuwa sau biyu.

Mu fara da akwatin da ke gabanmu. Adashi ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun yi shi. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi ta Nijar, aka kira tsarin Mata Masu Dubara. Ba su watsar da adashi ba. Sun riƙe abin da kowa ya iya, wato zubi a ranar da aka tsayar da kuma amana tsakanin maƙwabta, sai suka ɗora sabo a kai: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, rance da ɗan ƙari, da rabo a ƙarshen zango. Yau ana bin tsarin a ƙasashe da yawa na Afirka. Da sun ce sai sabo zalla, ina jin da wuya mata su yarda su zuba ko sisi.

Har manyan kamfanoni na fama da wannan. Kamfanin 3M na Amurka ya daɗe yana barin ma'aikatansa na bincike su ba da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu ga gwada tunaninsu. Ku lura, 15 ne kawai. Sauran lokacin yana kan aikin da ke biyan albashi.

To, amma tsayawa wuri ɗaya ma yana da haɗari, kuma a nan nake so mu daɗe. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, mai saye ya saba ganin shinkafa fes, ba tsakuwa, ba baƙi-baƙi. Wadda ke shanya tata a ƙasa kamar dā za ta ga mudunta na kwana a kasuwa. Ita ba sai ta bar shinkafa ta koma kaji ba. Sabon abin da take buƙata yana cikin sana'arta: ta wanke shinkafar da kyau kafin jiƙo, ta sa faifan ƙarfe mai huji a cikin tukunya don tururi ya dafa ta ba ruwa ba, ta shanya a kan tamfol. Irin wannan gwajin na fi so, don ko bai yi ba, hannunta da kwastomominta suna nan.

Ga shawarata. A ce rabonki ya kama naira 50,000. Ki bar 40,000 ko fiye a sana'ar da ke ciyar da gida, ki yi gwaji da abin da ya rage. Ki sa wa gwajin wa'adi, misali kasuwa huɗu, ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In rubutu na ba ki wuya, sakatariya ta taimaka. Ki tuna da lissafa itace, kuɗin mota da lokacinki, su ne mata suka fi mantawa.

Rancen akwati kuwa, ban goyi bayan a ɗauke shi don sana'ar da ba a taɓa gwadawa ba. Kuɗin marayu da zawarawa na ciki, kuma ranar biya ba ta jira.

Aikin taro mai zuwa: kowace ta zo da sauyi ɗaya da za ta iya gwadawa a cikin sana'arta ta yanzu, da kuɗin da zai ci. Ƙungiya ta zaɓi mata biyu su fara, sauran mu ji sakamako bayan wata ɗaya.