Dalilin Da Ke Sa Babur Mai Injekta Ya Riƙa Harbi

Da can kusan kowane babur da kafireto yake gauraya fetur da iska. A shekarar 1980 kamfanin Kawasaki na ƙasar Japan ya fara sayar da babur mai injekta, watau wanda famfo ke tura fetur da ƙarfi, wata 'yar kwamfuta kuma tana auna abin da za a fesa wa inji. Daga watan Afrilu na 2020 ƙasar Indiya ta tsananta dokar hayaƙi, har yawancin baburan da ake sayarwa can suka koma wannan tsari. Saboda haka ya kamata masu babur da makanikai su san halinsa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu irin wannan babur shi ne ƙara mai kama da harbin bindiga. Ba abin wasa ba ne, gama injin da aka bari a haka yana iya ƙona bawul, wani lokaci ma wuta ta tashi. Inji yana bukatar iska wajen kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na fetur, bisa nauyi. In iska ta yi yawa, cakuɗin ba ya ƙonewa da sauri, sai ragowarsa ta kama wuta a inda bai kamata ba.

Lalle ne a fara saurarawa a ji ta inda ƙarar ke fitowa. Idan ta wajen matatar iska ce, musamman sa'ad da aka murɗa totur, to, galibi fetur ya yi kaɗan. Wurin da za a fara dubawa shi ne robar nan da ta haɗa maƙogwaron iska da kan inji. Zafi da tsufa sukan tsattsaga ta, ko kuwa ƙarfen da ya ɗaure ta ya yi sako-sako, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. A tada inji, a bar shi yana aiki a tsaye, a fesa ruwa kaɗan a kewayen robar. In muryar inji ta sake, an gano wurin. Waɗansu da fetur suke yin wannan gwaji, amma ganganci ne ƙwarai kusa da inji mai zafi.

In roba lafiya take, sai a koma ga mai. Ramukan injekta ƙanana ne ainun, dattin da kafireto zai haɗiye ba tare da damuwa ba yana iya toshe su. Fetur na kwalba da ake saye a bakin hanya sau da yawa yana ɗauke da ƙura ko ruwa. Famfon da ya gaji, ko matatar mai da ta cushe, ko batir mai rauni, duk suna rage man da ke isa inji. Kafin a kwance tiyon mai a kashe inji, a rufe mahaɗar da tsumma, domin matsin da ke ciki yakan fi na iskar taya.

Idan kuwa ta salansa ƙarar ke fita lokacin da aka saki totur, a duba inda bututun ya haɗu da inji. Baƙin hayaƙi a wurin alama ce gasket ya mutu. Samarin da ke fasa cikin salansa don neman ƙara su ne ke jawo wa kansu wannan. Fulogi mai datti ma yakan bar fetur ya wuce bai ƙone ba. Bawul da aka ɗaure ƙwarai ba ya rufuwa sosai, sai a auna tazararsa inji na sanyi, yadda littafin babur ɗin ya nuna.

A lokacin hunturu matatar iska na saurin cika da ƙura. A share ta ko a sake sabuwa, amma kada a yi tafiya babu ita ko da yini ɗaya.

Kwamfutar ce ake yawan ɗora wa laifi, alhali kuwa ba safai take lalacewa ba, ga ta da tsada. A kan babura da yawa fitilar gargaɗi tana ƙiftawa da ƙidaya don ta nuna na'urar da ta samu matsala. Mai babur ya ƙirga ƙiftawar, ya rubuta, ya kai wa makanikin da ke da na'urar gwaji kafin ya yarda a sayi wani sabon kaya.