Darasi na 14: Dodon Koɗi da Kwansonsa

Ɗalibi, idan an kwana ana ruwa, fita da safe ka duba ƙarƙashin ganyen ayaba. Wataƙila ka tarar da dodon koɗi yana jan ciki a hankali, ɗauke da gidansa a baya. Yarbawa suna kiransa igbin, Ibo kuma ejula. Wannan gida nasa shi ake kira kwanso.

Masana sun sa shi cikin rukunin Mollusca, wato dabbobi masu taushin jiki marasa ƙashi. Ajinsa Gastropoda, danginsa kuma Achatinidae. Babban nan da kake gani a kasuwannin kudancin Nijeriya, sunansa na kimiyya Archachatina marginata. A tudu yake zaune, ba a ruwa ba. Iska yake shaƙa da huhu, ta wata ’yar kafa da ke kusa da bakin kwanso.

Ɗauki kwanson ka duba. A murɗe yake, zagaye shida ko bakwai, kuma na ƙarshen ya fi sauran girma. Launinsa ruwan ƙasa ne mai ratsi-ratsi. Tsawonsa yakan kai santimita 20. Taɓa ƙarshensa na sama, za ka ji shi a dakushe. Da wannan za ka bambanta shi da ɗan’uwansa Achatina achatina, wanda aka fi sani a Gana, domin nasa ƙarshen mai tsini ne.

Da kwansonsa yake fitowa daga ƙwai, kuma tare suke girma. Da sinadarin alli yake gina shi, wanda yake samu daga ƙasa da abinci. Shi ya sa masu kiwonsa suke ba shi garin ɓawon ƙwai. Idan hunturu ya zo, sai ya shige ciki, ya toshe bakin da wani farin marfi, ya kwanta har ruwa ya sauka.

Kwanso yana kare shi daga bushewa, amma ba ya kare shi daga wuta. Ƙona daji da rani yana hallaka shi yana barci. Saboda haka ka guji sa wuta a daji, kuma idan ka tsinci ƙarami, ka bar shi ya girma ya yi ƙwai.

Tambayoyi

1. Da me dodon koɗi yake numfashi?
2. Yaya za ka bambanta nau’o’i biyun da aka ambata?
3. Me ya sa ake ba shi garin ɓawon ƙwai?
4. Yi jimla da kowace kalma: kwanso, tsini, toshe.