Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Injiniya Ke Sanin Girman Gada Kafin Ruwa Ya Zo?

Tambayar yau ta fito daga wani mai sauraronmu a Magama ta Jibiya, bakin iyakar Najeriya da Nijar. Yana cewa: masu gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta yaya suke yanke girman gada da kwalbati alhali ba su san ruwan da damina za ta kawo ba?

To Malam, mun gode. Sanin gaibu sai Allah, abin da injiniya ke yi shi ne lissafin yiwuwa. Wannan layi mai kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, ya ratsa Jibiya.

A irin wannan aiki, ana tattara bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, a auna faɗin ƙasar da ke zuba ruwa cikin kowane rafi, sannan a ƙiyasta ambaliyar da ake kira ta shekara 100. Wato kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku. A cikin shekara 50 kuwa, yiwuwar ta kusa kashi 40 cikin 100. Shi ya sa ake ƙara rata a kan lissafin, a kwatanta kuɗin faɗaɗa gada da asarar da karyewarta za ta jawo.

Jama'ar Jibiya ba su manta ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta hallaka sama da mutum 40. Don Allah a daina zuba shara a kwalbati, domin lissafin injiniya yana aiki ne idan hanyar ruwa a buɗe take.