Darasin Kiwon Dabbobi: Amai da Gudawa ga Kyanwa

Kyanwa mai gadin rumbu ce. Gidan da yake da kyanwa, ɓera ba ya sakewa a cikinsa. Amma wani lokaci kyanwa takan kwana lafiya, da safe a gan ta tana amai da gudawa. Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Jikin kyanwa ƙarami ne, ruwan da yake cikinsa kaɗan ne. Amai da gudawa suna ƙarar da ruwan nan da sauri. Idan ya ƙare, za ta iya mutuwa cikin kwana 1 ko 2, musamman 'yar ƙarama.

Abubuwan da suke kawo shi

1. Guba. Da kaka ana yawan sa maganin ɓera a rumbu da ɗaki. Kyanwa takan ci maganin, ko ta ci ɓeran da ya ci shi. Maganin feshin gona da na ƙwarin wake su ma guba ne.
2. Ruɓaɓɓen abinci, kamar kifi ko naman da ya lalace, ko mushe.
3. Tsutsar ciki. Wani lokaci ana ganin ta a cikin aman.
4. Madara. Cikin yawancin manyan kyanwoyi ba ya narkar da ita.
5. Ƙwayar cuta mai yaɗuwa tsakanin kyanwoyi. Ta fi kashe ƙanana, kuma tana da allurar rigakafi.

Yadda ake gane ruwan jiki ya yi ƙasa

A kama fatar ƙeyarta, a ɗaga, a saki. Idan fatar ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinta. Idan ta tsaya a tattare, ruwa ya yi ƙasa. Haka kuma idan dasashinta ya bushe, ko idanunta sun faɗa.

Abin da za a yi a gida

A ajiye ta a inuwa, nesa da sauran kyanwoyi. A sa mata ruwa mai tsabta, ta riƙa sha kaɗan-kaɗan. Idan babba ce, a ɗauke mata abinci na awa 6. Bayan haka a ba ta dafaffen naman kaza ko kifi maras ƙaya, ɗan kaɗan. Kada a sa mai, ko barkono, ko albasa, domin albasa tana lalata jinin kyanwa. Ƙaramar kyanwa kuwa ba a hana ta abinci.

Abin da ba a yi

Kada a ba kyanwa maganin mutane. Ƙwaya ɗaya ta Panadol tana iya kashe ta. Kada a ɗura mata gishiri, ko manja, ko madara da sunan karya guba. Ba sa karya ta, kuma ɗuri yana iya tura ruwa cikin huhu.

Lokacin zuwa asibitin dabbobi

A kai ta ga malamin dabbobi ba da ɓata lokaci ba:
1. Idan akwai jini a amai ko a kashi.
2. Idan tana dalalar da miyau ko tana karkarwa.
3. Idan ta kasa tashi, ko tana amayar da ruwan da ta sha.
4. Idan ciwon ya wuce kwana 1.
5. Idan 'yar ƙarama ce.

Idan ana zaton guba ce, a tafi da takardar maganin ko kwalbarsa. Wani maganin ɓera ba ya nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5. Saboda haka kada a jira sai ta kwanta.

Kare mutanen gida

A zuba toka a kan amai da kashin, a kwashe, a binne. A wanke hannu da sabulu. Tsutsar cikin kyanwa tana iya shiga cikin yaro mai wasa da ƙasa. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da cutar da take cutar da ɗan da yake cikinta. Maganin ɓera kuwa a ajiye shi inda yaro da dabba ba za su kai ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa amai da gudawa suke saurin kashe kyanwa?
2. Yaya ake gane ruwan jikinta ya yi ƙasa?
3. Wane maganin mutane ne yake kashe kyanwa?
4. Me ya sa mai ciki ba ta kwashe kashin kyanwa?