Kafin ka tambayi i7, tambayi akwatin wuta

Aikina gyaran kwamfuta da haɗa ta a nan unguwar Kassalafam da ke Duwala, kuma kusan duk mai shigowa shago da niyyar haɗa kwamfutar tebur magana ɗaya yake kawowa: "Malam, i7 nake so." Mai shagon buga takardu haka, ɗalibi haka, har Alhajin da lissafin kaya kawai zai riƙa shigarwa.

Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Dubi lambar da ke biye da shi. Core i7-2600 ta fito ne a 2011, zubi na biyu ke nan. Core i5-8500 ta 2018 ce, zubi na takwas, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba. Ga wani abin: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Tsofaffin injinan ofisoshin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Duwala su cika shagunan unguwar Akwa, da yawansu ba su kai nan ba. Ba na kushe na hannu. Dell OptiPlex ko HP ProDesk mai zubi na takwas ciniki ne mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai ka sani, da yawa daga cikinsu akwatin wutarsu na kamfaninsu ne kaɗai, in ya mutu ba kowanne zai shiga gurbinsa ba.

A kan akwatin wutar nan nake so mu daɗe, don nan ne nake ganin hawaye. Shi ke karɓar wutar gida ya rarraba wa kowane sashe daidai ƙarfinsa. Mutum zai zuba kuɗinsa kaf a kan furosesa, sannan ya ɗauki akwatin da ba a san wanda ya ƙera shi ba, an manna masa takarda an rubuta wat 500. Ɗaga shi a hannunka ka ji. Na kirki yana da nauyi, wayoyinsa kaurara ne. Na bogi sakayau yake kamar gwangwanin madara da aka shanye. Wani bawan Allah mai buga takardu ya kawo mini kwamfutarsa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi. Da na buɗe, ƙauri ne ya fara tarbata, ƙananan tulunan da ke ciki sun kumbura, ɗaya ya fashe. Babban allon ya tafi, faifan ajiyar ma ya bi shi, da takardun mutane a ciki. Ya tsaya yana tambayata, "Maigida, ba abin da za a iya cirowa?" Babu. Araha ba ta ado.

Don haka ni kasafin kuɗin haɗa kwamfuta daga wuta nake fara shi: akwati mai suna irin su Corsair ko Seasonic, wat 450 ya wadatar in babu katin hoto, sai na'urar daidaita wuta, in da hali a ƙara ondilar mai batir da zai ba ka 'yan mintoci ka ajiye aikinka ka kashe. Abin da ya rage shi za a raba wa sauran.

Faifan ajiya ya zama SSD, ko da gig 256 ne. Babu sashen da ke sauya saurin tsohuwar kwamfuta kamarsa. In na hannu ne, sa mai shago ya buɗe CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awannin da ya yi aiki da lafiyarsa. RAM gig 8 shi ne ƙasa, 16 ga mai zane ko haɗa bidiyo, kuma DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, kada ka danna da ƙarfi.

Katin hoto kuwa, yawancinku ba ku buƙatarsa. Ryzen 5 5600G tana ɗauke da nata a ciki. Amma a kula da furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, ita ba ta nuna hoto sai da kati.

Sai damshin garin nan, musamman a Yuli da Agusta. Ramukan RAM na yin tsatsa, kwamfuta ta ƙi tashi. Kada a ajiye ta a ƙasa, don mun san yadda ruwa ke shiga ɗakuna a unguwar New Bell. A ɗora ta kan tebur, a bar tazara tsakaninta da bango, kuma kafin a bar shagon mai sayarwa a sa ya rubuta kwanakin garanti a jikin rasit.