Ciwon wuyan hannu mai kashe yatsu

Akwai wata mata a Gaffati, gabas da birnin Damagaram. Tun da asuba take aiki. Tana dakan hatsi, tana jan ruwa a rijiya, da marece kuma ta zauna saƙar tabarma. Wata rana da tsakar dare ta farka, hannunta na dama ya mutu, yatsu suna minjirya kamar ana soka mata ƙaya. Ta yarfa hannun, ta yarfa, sannan ya saki. Kashegari ma haka. Bayan ƴan watanni allura ta fara suɓuce mata. Har ƙwaryar nono ta faɗi daga hannunta ta fashe.

Maƙwabta suka ce sanyi ne. Wasu suka ce iska ce. Ɗiyarta, wadda take aji biyar, ta ce:

— Inna, mu tafi gidan likita.

Malamin likita ya duba fatar jikinta, bai ga tabo ba. Ya ce:

— Iya, waɗanne yatsu ne ke mutuwa?

— Babba, da manuni, da na tsakiya. Ƙaramin lafiya lau.

Wannan amsa ta nuna masa inda ciwon yake.

A wuyan hannun mutum akwai ƙananan ƙasusuwa guda 8. Sun jeru kamar kwari, wata tantani mai tauri ta rufe su daga sama. Tsakaninsu akwai wani matsattsen kwararo. Ta cikinsa jijiyoyi 9 masu tanƙwara yatsu suke wucewa, tare da jijiya guda mai kai ji zuwa babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Ƙaramin yatsa da tasa jijiyar daban. In jijiyoyin nan 9 suka kumbura, sai su danne jijiyar ji, don kwararon ba ya buɗewa. Shi ke sa yatsu su mutu. Da dare abin ya fi tsanani, domin mai barci yakan tanƙwashe hannu bai sani ba.

Ciwon ya fi kama mata, musamman manya da masu ciki. Yana kama masu ciwon sukari. Aikin da ake maimaitawa da ƙarfi kullum yana ƙara shi, irin su riƙon taɓarya da igiyar guga.

Wani likitan Ingila, James Paget, ya yi bayanin dannewar wannan jijiya a shekarar 1854. Daga baya wani likitan Amurka, George Phalen, ya fito da gwaji mai sauƙi. Mutum ya tanƙwara wuyan hannu ƙasa har minti 1. In yatsun suka fara minjirya, alama ce.

Amma ba kowace mutuwar yatsu ce wannan ciwo ba. Kuturta ma tana kashe yatsu, sau da yawa daga ƙaramin, kuma takan zo da tabon fata wanda ba ya jin taɓi. Shi ya sa malamin ya fara da duba fata.

Ya ɗaura wa matar ɗan katako a wuyan hannu, ta riƙa kwana da shi a miƙe. Ya ce ta rage daka. Ya nuna mata tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya ce in ya fara lotsawa, jijiyar ta daɗe a danne, kuma ƙarfin yatsan yana iya tafiya bai dawo ba. A lokacin sai babban asibitin Damagaram, inda ake ƴar tiyata a yanke tantanin, jijiya ta sami wuri.

Tun ranar, ɗiyarta da ƙanwarta suke dakan safe kafin su tafi makaranta.

Tambayoyi

1. Waɗanne yatsu ne suke mutuwa, wanne ne ba ya mutuwa?
2. Don me malamin likita ya duba fatar matar?
3. Ku aza hannu a kan allo, ku zana shi, ku shafa alli inda jijiyar ji take kaiwa.