TAUSAYI: ME KALMAR KE NUFI?

Kalmar da za mu duba a darasin wannan wata ita ce tausayi. Babu ranar da ba ma faɗinta. Mukan ce "na ji tausayinsa," ko "tausayi ya kama ni," ko kuwa "wane ba shi da tausayi." Ku lura, Bahaushe jin tausayi yake yi, kamar yadda yake jin yunwa da ƙishirwa. Ciwon na wani ne, amma kai ma ya taɓa jikinka. Shi ya sa magabata suka ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

Harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su ma haka suka ɗauki al'amarin. A Ibrananci kalmar "rahamim" ta fito ne daga "rehem," wato mahaifar mace, kuma tushenta ɗaya da "rahama" da muka aro daga Larabci. A Helenanci kuwa, kalmar ta fito daga sunan kayan ciki, kamar a ce hanjin mutum ya kaɗa saboda halin da ya tarar da ɗan'uwansa.

Sau uku Luka ya yi amfani da wannan kalma cikin Bishararsa: a kan Ubangiji Yesu da gwauruwar Nayin wadda ɗanta tilo ya rasu (7:13), da Basamariyen nan a hanyar Yariko (10:33), da uban ɗa ɓatacce (15:20). A duk ukun, mutum ya gani, cikinsa ya motsa, sai ya tashi. Yesu ya matsa ya taɓa makara. Basamariye ya ɗaure raunuka, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya bar dinari 2, ladan ƙwadago na kwana biyu ke nan. Uban kuwa, da girmansa, ya sheƙa da gudu. Firist da Balawi su ma sun gani, ba makafi ba ne, amma suka ratse.

A nan ne harshenmu yake iya ruɗinmu. Idan muka ce wance "abar tausayi ce," sau da yawa daga nesa muke magana, muna kaɗa kai, har da ɗan raini a ciki. Amma "tausaya wa" aiki ne, sai da wanda za a yi wa.

Na tuna wata mata a wata majami'ar ƙauye da na taɓa yi wa hidima. Mijinta ya rasu ana dab da girbi. Kwana uku gidan cike yake, kowa da "sannu," kowa da "Allah ya ba da haƙuri." Ni ma na je, na yi addu'a, na koma gida ina ganin na sauke nauyi. Da mako ya kewayo, dangin miji suka zo suka kwashe hatsi da awaki, ba wanda ya ce uffan, har ni. Wata tsohuwa ce daga Zumuntar Mata, wadda ko karatu ba ta iya ba, ta kai tabarmarta gidan ta kwana wata guda, ta kuma tara matasa suka girbe sauran dawar. Ita ce ta zo ta same ni bayan Misa, ta durƙusa, ta ce, "Fada, yaushe za mu je wurin mai gari a kan awakin nan?" Ran Talata muka je.